Taku Huɗu Zuwa Teburin Mushe Bernar

Mutum ɗaya ne ya riƙe ni tsakani da Allah a ƙasar Faransa, kuma ni ne sanadin da aka ɗauke shi daga aikin da ya shekara talatin yana yi. Ban yi don mugunta ba. Da mugunta ce ma da ta fi mini sauƙi, in tuba in huta. Ladabi na yi, irin wanda aka koya mini a Dakoro, shi ya sa har yau in abin ya faɗo mini a rai sai in ji kunya ta rufe ni ko ni kaɗai ne a ɗaki.

Na sauka a wani gari na yammacin ƙasar, ba zan faɗi sunansa ba, da jaka ɗaya da takardar burs, tallafin karatu na wata tara. Wani ɗan ƙasarmu da muka san juna ta salula ya ce ya kama mini ɗaki, har hoto ya aiko: gado, taga, labule shuɗi. Na nemi gidan na buga ƙofa. Wata mata ta buɗe da jariri a kafaɗa, ta dubi hoton, ta ce shekararta shida a nan ba ta taɓa jin sunan mutumin ba, kuma ni ne na uku da ya zo mata da wannan labulen. Lambarsa ba ta sake shiga ba. Na ƙare a wani masaukin matafiya, mu takwas a ɗaki, ina salla tsakanin gadaje ana tsallake ni. Ga ruwa. A Dakoro in hadari ya haɗu fitowa ake yi ana kallo ana addu'a, amma a can sati guda ana yayyafi ba wanda ya ɗaga kai. Takalmina bai bushe ba ko sau ɗaya.

Da wannan jiƙaƙƙen takalmin na fara zuwa labo, ɗakin binciken da aka turo ni in yi sitaj, wato koyon aiki. Aikinsu maganin cututtukan gado ne, irin waɗanda yaro ke zuwa da su duniya saboda wani rubutu a ƙwayar halittarsa ya zo da gyara. Sai a ɗauki wani birus, irin ƙwayar cutar nan, amma mara cutarwa, a kwashe abin da ke cikinsa, a zuba masa rubutun da mara lafiya ya rasa, a tura shi jiki ya kai saƙo. Wasiƙa ce a cikin ambulan, illa dai ambulan ɗin ido ba ya ganinsa kuma miliyoyi ake yi lokaci guda. Wasu su fito wayam, wasu da wasiƙar a yage rabi. Kafin a sa wa kowane mai rai, ko da ɓera ne, dole a san nawa ne suka cika.

Mushe Bernar, wato Malam Bernar in da Hausa ne, shi ne mai haɗa su. Tsoho ne ya haura sittin, gajere, da tabarau a rataye a wuya, kullum yana ƴar waƙarsa a hanci. Rana ta huɗu ya tsaya a kaina ya dubi ƙafata.

"Kai ɗan Nijar, ina kake kwana?"

Na ce lafiya lau nake kwana. Ya ce ba abin da ya tambaya ke nan ba. Kafin sati ya zagayo ya sama mini ɗaki a gidan ƙanwar matarsa, ya kawo mini rigar sanyin ɗansa, ya kai ni inda ake sayar da takalmin da ruwa ba ya shiga. Da ya lura ina ɓacewa da azahar ina dawowa da ƙura a goshi, sai ya share mini kusurwa a magaza, ɗakin ajiyar kaya, ya shimfiɗa kwali mai tsabta. Shi ya sake koya mini riƙon pipet, ƴar bututun da ake auna ɗigon ruwa da ita, duk da ina taƙama da diplom ɗina na Yamai. "A hankali, Lawali, ba raƙuma kake tatsa ba." Ya nemo Dakoro a taswira, ya ce in karanta masa sunayen garuruwan da ke kewaye, ya yi ta fama da Ɗan Gulbi har na yi dariyar da ban yi ba tun zuwana. Ya ce in riƙa kiransa Bernar kawai. Bakina ya ƙi. Mutumin da ya yi sa'ar ubana, in kama sunansa tsirara?

Shugabar wurin Madam Odil ce, ita ma ta manyanta, ba ta da yawan magana. Ita ta ɗora ni a kan sabuwar hanyar awo. Tsohuwar hanyar da suka saba da ita farkon wasiƙar kawai take nema. In ta ga farkon sai ta ƙirga ɗaya, ba ruwanta da ko sauran na nan. A sabuwar, ana farfasa samfurin cikin mai ya zama dubban ƙananan ɗigo, a sa alama biyu masu haske, koriya ta manne a farkon rubutun, shuɗiya a ƙarshensa. Ɗigon da ya haska kala biyu, wasiƙarsa cikakkiya ce. Wanda ya haska kore kaɗai, an yage ta a hanya. In kana shakka sai ka zuba a jel, wani abu mai kauri kamar kamu ya daskare, ka ja da lantarki. Guntaye su yi gaba, dogaye su tsaya baya. Kaya mai kyau layi ɗaya yake bayarwa, tsaf.

A wata na huɗu Mushe Bernar ya gama wani babban rukuni da duk labo ke jira, wanda za a gwada a kan ɓeraye masu ciwon tsoka. Tsohon awo ya ce ya cika har ya yi yawa. Aka ba ni ɗan kaɗan in gwada da sabuwar hanya, don dai a ga ko tana aiki, tunda ba a riga an amince da ita ba.

Fiye da rabin ɗigon kore kaɗai suka haska.

Na ce hannuna ne. Na sake. Na canza duk ruwan awon na sake. Na ɗauko wani rukuni da aka sayo daga waje na gwada, ya fito lafiya. Na zuba na Mushe Bernar a jel, sai ga layi na biyu a ƙasan na farko, ya fi shi kauri ma. Na zauna ina kallon hoton, gumi na bin bayana a garin da ake rawar ɗari. Shi kuwa yana teburinsa ya ba ni baya, yana ƴar waƙarsa.

Na tashi in je wurinsa, sai na koma na zauna. A gidanmu yaro ba ya tsayawa gaban babba ya ce masa aikinka ya ɓaci. Ina tune da shekarar da ƙwari suka cinye irin geron kakana a rumbu. Kowa ya gani, ba wanda ya buɗe baki. Abokinsa aka je aka samu, wani tsohon mahauci, shi ya zo da goro suka zauna, ya kewaya ya kewaya har ya sauke masa maganar, aka sake iri ba wanda ya ji kunya. Haka na ga ana yi, haka na ɗauka ana yi ko'ina mutane ke da mutunci.

Da yamma na kira Kawu Ilya, wan mahaifiyata da ya riƙe ni tun rasuwar ubana. Yana Birnin Lalle, ina jin kukan awaki a bayansa. Na ba shi labari iya yadda zai gane.

"Shekarunshi nawa?"

"Ya wuce sittin, Kawu."

"Ya ci da kai?"

"Har tufatar da ni ya yi."

"To kai ba ka da bakin gaya mashi, Lawali. Kar in ji. Ka nemi sa'anshi, wanda suke zama tare, ka kai mashi maganar a ɓoye. Shi ya san inda zai biyo da ita. In ka kunyata tsohon nan ban yafe maka ba."

Na ji sanyi a raina, don abin da nake so in ji ke nan. Sai dai ina sa'an? Labo cike yake da yara ƴan shekara ashirin da wani abu. Mutum ɗaya ce ta yi kusa da shi a shekaru, suke shan kafe tare kowace safiya, suna tsokanar juna, an ce sun fi shekara ashirin suna aiki wuri ɗaya. Madam Odil. Ni da hankalina da diplom ɗina na dube ta na ga tsohon mahaucin nan.

Ko ita ɗin ma ban je nan da nan ba. Ta yi tafiya ta kwana biyar. Ta dawo fuska a ɗaure, na ce ba yau ba. Na je ƙofar biro ɗinta, wato ofishinta, sau biyu na juyo. A taron ranar Litinin ta tambaye ni a gaban kowa, "Lawali, rukunin Bernar fa?" Shi kuma ya juyo yana mini murmushi, irin na uban da ɗansa zai yi karatu a gaban baƙi. Na ce, "Ina kan dubawa, Madam." Ranar Alhamis ta satin aka yi wa ɓerayen allura, bisa lissafin tsohon awo. Na ga an turo kejinsu a keke an wuce da su ta gaban ƙofarmu. Ina tsaye da takardun a aljihun rigar aikina, na matsa gefe na ba su hanya.

Sai da sati uku suka cika na shiga biro ɗin. Na gaishe ta, na tambayi gajiyar tafiya, na shiga yabon Mushe Bernar, alherinsa, ƙwarewarsa, yadda ya riƙe ni. Ta saurara ta saurara, sannan ta ce, "Lawali, me ya faru?"

Na miƙa mata takardun. Ta duba ɗigon, ta duba jel, sai idonta ya tsaya a kan kwanan watan da inji ya buga a saman shafi.

"Ka gaya wa Bernar?"

"A'a, Madam. Shi ya sa na zo wurinki. Ke ce sa'arsa. Ki gaya masa a hankali, ku biyu, kada ma ki ce daga wurina ya fito."

Ta dube ni. Ba fushi na gani a fuskarta ba, gajiya ce. Ta ce, "A wajen ƙofar nan ni abokiyarsa ce. A cikin ɗakin nan ni ce mai sa hannu. Abin da ka ajiye mini a tebur ba zan iya cewa ban gani ba. Dole in tsayar da gwajin, in rubuta, in sanar da waɗanda ke sama da ni." Ta ɗaga waya a gabana ta kira shi.

Ya shigo yana goge hannu. Ya sa tabarau, ya karanta a tsaye, shafi bayan shafi. Abin da ya fara faɗa shi ya fi kashe ni. "Aikin ya yi kyau. Jel ɗin nan tsaf yake, na koya maka da kyau." Sannan shi ma ya kai ga kwanan watan. Ya cire tabarau.

"Lawali, taku nawa ne daga teburinka zuwa nawa?"

Na sunkuyar da kai ƙasa.

"Huɗu ne. Zuwa nan kuma hawa biyu ne da dogon baranda. Kalle ni mana."

Ban iya ba. A wurinmu sunkuyar da kai gaban babba girmamawa ce, kuma na san a lokacin cewa shi ba haka yake karanta ta ba, amma wuyana ya ƙi ɗaguwa. Takalmansa kawai na gani sun juya sun fita.

Aka aika samfurin aka karanta rubutun daga farko zuwa ƙarshe. Ashe tushen da Mushe Bernar yake kwafo rubutun daga gare shi, wanda ya ajiye a firigo shekara da shekaru, wani yanki nasa ya gutsure. Akwai ɗan gwajin da ake yi wa tushe kafin a fara, ya daina yi saboda bai taɓa ba shi kunya ba. Wata ƴar labo ta gaya mini, ba don ta ji tausayina ba, cewa da an kama abin a ranar farko da zubarwa za a yi a sake, a rubuta layi biyu a kaye, littafin aiki, shi ke nan. Amma an riga an taɓa dabbobi. Ɓerayen duka aka kashe a banza, aikin wata shida ya bi ruwa, mutanen waje suka zo da tambayoyi. Ni aka rubuta jinkirina a rapor ɗina, rahoton aikina, aka bar ni in ƙarasa, sabuwar hanyar ma aka amince da ita. Shi aka ɗauke shi daga haɗa birus aka mayar da shi magaza, yana karɓar kwalaye yana jerawa.

Magazar da nake salla. Na yi kwana biyu ina haɗa azahar da la'asar a gida don kada mu haɗu. Rana ta uku na daure na je. Yana ganina ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ɗauko kwalin ya shimfiɗa a kusurwar, ya fita ya ja ƙofa. Kullum haka, ba ya cewa komai. Wallahi da marina ya yi da na fi samun natsuwa a sallar.

Sauran watannin ban san yadda zan ba da labarinsu ba. In na shiga ɗakin kafe hira ta mutu. Yaran labo sun yanke cewa na zagaya bayan tsohon ne don in samu shiga wurin Madam, kuma in ka dubi abin daga inda suke tsaye, me za ka ce? Na rame har wandona na faɗuwa. Ina kwatanta fura da yawurt da garin geron da na samu a shagon wani Basenigale, ta ƙi zama fura. Kawu in ya kira ya tambayi tsohona sai in ce yana lafiya. Ana saura wata guda in dawo, Mushe Bernar ya ajiye aiki, shekara biyu kafin lokacinsa.

Na ce ba zan bar ƙasar ba sai na nemi gafara. To ku ji abin da na yi. Na kira matarsa. Na gaishe ta, na ce Madam don Allah ki sa baki, ki roƙa mini shi, ke ce zai ji maganarki.

Ta ce, "Lawali, kana jin abin da kake yi kuwa? Ga shi can a lambu. Ka san hanya."

Na ajiye salular na rufe fuskata da hannu biyu. Sannan na sa takalmi na fita.

Na same shi durƙushe yana ɗaure wake a jikin sanda. Bai tashi ba. Na fara da gaisuwa, ya katse ni.

"Faɗa mini abin da ya kamata ka faɗa ranar. Yanzu, a nan."

Na ce, "Mushe Bernar, rukunin da ka haɗa, fiye da rabinsa a yage yake. Ina jin tushen ne."

"To. Ka ga ƙasa ta tsage?" Ya dafa gwiwa ya miƙe. "Da ka faɗa ranar, da na ce maka ƙarya ne, injinka ne ya lalace. Da na yi maka tsawa, don ni ma ina da girman kai. Da mun sake gwajin tare, da safe mu hau wurin Odil mu biyu."

Na ba shi labarin rumbun kakana da mahaucin, da abin da Kawu ya ce. Ya saurara har ƙarshe, bai yi dariya ba.

"Na yarda da kai," ya ce. "Kuskuren tushen nawa ne, ba naka ba, kada ka ɗauke shi ka tafi da shi Nijar. Aikin ma da na rasa, na kusa gajiya da shi. Abin da ya tsaya mini, sati uku kana ce mini ina kwana, kana shan kafe da ni, kana kallona kamar mara lafiyar da aka ɓoye wa sunan ciwonsa. Na ɗauka abokin aiki na samu."

Na ce ya yafe mini. Ya ce ya yafe, kuma na san da gaske yake, ba mutum ne mai faɗin abin da ba ya nufi ba. Ya goge ƙasar hannunsa a wando, ya ba ni hannu a bakin ƙofar lambun, ya ce in gaida mutanen Dakoro. Na rubuta masa sau uku tun dawowata. Ya amsa ta farko da layi biyu.

Kwana biyu da isowata gida Kawu Ilya ya zo daga Birnin Lalle a bayan babur, da ƙunshi a hannu. Muka zauna a zaure, maƙwabta suka cika, ya sa ni a gaba yana ba su labarin Baturen da ya riƙe ɗansa kamar shi ya haife shi. Ya kwance ƙunshin, cuku ne mai kyau da ya sa aka kawo daga wajen Bader Goula, da matashin kai na fata aikin Buzaye. Ya ce in nemi mai tafiya in aika wa tsohon.

Da mutane suka ragu ya matso ya rage murya.

"Maganar nan ta kwanaki, ka bi yadda na ce?"

"Na bi, Kawu."

"Ka samu sa'an nashi?"

"Na samu."

Ya gyaɗa kai, fuskarsa ta cika da jin daɗi. "To ka gani. Duk inda ka je a duniya, babba babba ne."

Cukun mun cinye shi da yara, matashin yana cikin akwatina. Shekara uku ke nan. Kawu ya tsufa sosai yanzu, kuma duk sallar da na je gaishe shi sai ya tambayi tsohona, in ce yana gaishe ku. Ya kamata ya san yadda shawararsa ta ƙare, na sani. Sau da yawa ina zaune a gabansa, gwiwata kusa da tasa, maganar na bakina. Har yau ban samu wanda zan aika ya gaya masa ba.